Haraji da Halaccin Mulki: Zamanin Juyin Juya Hali da Gwagwarmayar Neman 'Yanci a Mahangar Ƙasar Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilai da sakamakon juyin juya halin da ya girgiza duniya tsakanin 1776 zuwa 1804, da kuma fafutukar neman 'yancin kai ta tsakiyar ƙarni na 20, ta hanyar auna su da abin da ya faru a ƙasar Dutse da maƙwabtanta. An nuna cewa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi zamani ɗaya da juyin Amurka da Faransa da Haiti, ya kuma yi tarayya da su a kan batun haraji da halaccin mulki, amma tushen tunaninsa daban ne. An kuma bi sawun wannan batu daga zamanin Sarkin Kano Kumbari har zuwa soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano.

Gabatarwa

Shekarar 1804 ta tara abubuwa uku da ba kasafai ake jera su wuri ɗaya ba. A ranar 1 ga Janairu, Dessalines ya shelanta 'yancin Haiti bayan bayi sun shafe fiye da shekara goma suna yaƙi. A watan Fabrairu, Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka yi masa mubaya'a. A watan Disamba kuma, Napoleon ya naɗa wa kansa kambin sarauta a Paris, wato juyin da ya fille kan sarki ya ƙare da sabon sarki. Littafin Eric Hobsbawm na 1962 a kan zamanin juyin juya hali ya taƙaita ne ga Turai, bai ba jihadin Afirka ta Yamma gurbi ba. Paul Lovejoy ya ƙalubalanci wannan giɓi a 2016, inda ya nemi a sanya daular Sakkwato cikin lissafin. Kiran nasa yana da tushe, sai dai kwatancen yana da haɗari idan aka tsaya a fadojin Sakkwato da Paris. Gari irin Dutse, wanda ya ga jihadi da mulkin Turawa da 'yancin kai duk yana ƙarƙashin Kano, ya fi nuna abin da ya sauya da abin da ya tsaya yadda yake.

Abin da ya tunzura Amurka da Faransa da Haiti

Masana irin su Locke da Montesquieu da Rousseau sun yaɗa ra'ayin cewa mulki yarjejeniya ce tsakanin mai mulki da waɗanda ake mulka, kuma idan mai mulki ya karya ta, biyayya ta faɗi. Amma littafi shi kaɗai ba ya fitar da mutane kan titi. Ingila ta fito daga Yaƙin Shekara Bakwai a 1763 da bashi mai nauyi, sai ta ɗora wa yankunanta na Amurka sababbin haraji, ciki har da harajin kan sarki na 1765. Mazauna yankunan suka ce majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da hurumin taɓa dukiyarsu, rigimar ta kai ga shelar 'yanci ta 1776. Faransa ta taimaki Amurka a wannan yaƙi domin ta rama abin da Ingila ta yi mata, taimakon ya ƙarasa baitulmalinta. Manyan fada da shugabannin coci sun kuɓuta daga mafi yawan haraji, nauyin ya rataya a wuyan manomi, ga tsadar burodi. Da Sarki Louis na 16 ya kira majalisar ƙasa a 1789 domin neman kuɗi, sai majalisar ta nemi mulki.

Bayin Haiti ne suka ɗauki kalmomin 'yanci da daidaito da gaske fiye da waɗanda suka rubuta su. Sun tashi a 1791, suka ci nasara, aka kuma hukunta su a kan nasarar: a 1825 Faransa ta tilasta wa sabuwar ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150. Amurka kuwa ta riƙe bauta har 1865.

Kano kafin jihadi, da matsayin Dutse

Wanda ya karanta Tarihin Kano, wato kundin sarakunan da aka fi sani da shi, zai tarar da ƙarni na 18 cike da ƙorafin kuɗi. An ambaci Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, da ƙirƙiro hanyoyin karɓar kuɗi daga talakawa. Ɗansa Kumbari ya zarce shi. Kundin ya nuna cewa ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, sannan ya sanya wa malamai ma, lamarin da ya sa Larabawa suka koma Katsina, talakawan birni da yawa suka watse cikin ƙauyuka. Dalilin wannan matsi bai bambanta sosai da na Ingila da Faransa ba: yaƙi yana cin kuɗi, dawaki da sulke da lifidi ba a samunsu kyauta, kuma Kano tana fama da Gobir.

A cikin yaƙe-yaƙen Kumbari har da wanda ya kai wa Dutse a zamanin Ada, bai kuma shiga garin ba. Wannan ɗan labari yana da muhimmanci fiye da tsawonsa. Ya nuna cewa shekara saba'in kafin jihadi, garin da ke tsakanin duwatsun Garu ya riga ya gwada ƙin bin Kano, kuma duwatsun sun ba shi mafakar da garuruwan fili ba su da ita. Sarkin Dutse yana cikin manyan sarakunan gargajiya na ƙasar Kano, tare da na Rano da Gaya da Ƙaraye, masu ƙasa da mayaƙa na kansu, waɗanda biyayyarsu ga birni takan yi ƙarfi ko rauni gwargwadon ƙarfin sarkin da ke kan gado.

Tushen tunanin masu jihadi

Babu wata shaida da ke nuna cewa Shehu ko ƙanensa Abdullahi ko ɗansa Muhammadu Bello sun gina hujjojinsu a kan rubuce-rubucen Turai. Silsilar iliminsu a fili take: fiƙihun Malikiyya, da tarbiyyar Ƙadiriyya, da karatun Malam Jibrilu ɗan Umaru, da rubuce-rubucen Almagili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Haka nan suna da magabata a yankinsu. Malamai sun kafa mulki a Futa Jalo tun farkon ƙarni na 18, a Futa Toro kuma Abdulƙadir Kan ya zama Almami a 1776, shekarar da Amurka ta yi shelarta. Dacewar shekarun abin lura ne, ko da yake ba ta tabbatar da wata alaƙa.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne tambayar da kowannensu ya yi: da wane haƙƙi mai mulki yake karɓar dukiyar mutane? A cikin Kitabul Farƙ, Shehu ya lissafa ɗabi'un sarakunan Hausa da ya ƙi, ya kuma kira wasu da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa da kamuwa da gargaɗi. Ya soki gadon sarauta ba tare da shawara ba, da karɓar toshi a wurin shari'a, da ƙwace kayan 'yan kasuwa. Wannan jeri shi ne ya bayyana dalilin da ya sa makiyayi mai biyan jangali da manomi mai biyan kuɗin ƙasa da almajirin da ke tsoron a kama shi a sayar suka amsa kira ɗaya. Bambancin yana wajen amsa. Faransawan 1789 sun ce ikon ƙarshe na al'umma ne, masu jihadi suka ce na shari'a ne, sarki da talaka duk suna ƙarƙashinta. Saboda haka majalisar wakilai ce ma'aunin wancan juyi, alƙali adali da sarki mai tsoron Allah su ne ma'aunin wannan. Wanda ya auna ɗaya da ma'aunin ɗayan zai yi wa dukkansu rashin adalci.

Abin da jihadi ya bari a gabashin Kano

Sarki Alwali ya sha kashi a Ɗanyaya, aka ƙarasa shi a Burumburum, Sulaimanu ya zama sarkin Kano na farko a sabon tsari. A Dutse, tarihin gidan sarauta ya nuna cewa Salihi da Musa ne suka jagoranci Fulanin yankin suka karɓi garin wajen 1807, kuma daga zuriyarsu, Jalligawa da Yalligawa, sarautar ta ci gaba. Gidan mulki ya sauya, amma dangantakar Dutse da Kano ta zauna yadda take, sai ma ƙarin mataki ɗaya a sama, domin yanzu Kano ita ma tana kai gaisuwa Sakkwato.

Mutum na farko da ya yi wa sakamakon jihadi hisabi mai tsanani daga cikin gida yake. A wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jama'a da niyyar tafiya gabas, saboda ya ga son mulki da tara dukiya sun fara rinjayar manufar da aka fito dominta. Ya tsaya a Kano, mutanenta suka roƙe shi ya zauna, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Abin da ya hango bai daɗe ba ya bayyana. Sarautun Haɓe da aka soka sun dawo, musamman a zamanin Ibrahim Dabo daga 1819 zuwa 1846, wanda ya tarar da tawaye a sassa da dama ya kuma ga cewa ba zai riƙe ƙasar ba sai da tsohon tsarin fada. Kuɗin ƙasa ya dawo, tare da kuɗin karofi da na shuka da na rafi.

Ba za a musanta nasarorin daular ba. Ta haɗa ƙasashen da suka shafe ƙarnoni suna yaƙar juna, fatauci ya buɗe, saƙa da rini na ƙasar Kano suka kai Borno da Sahara, rubutu da Larabci da ajami ya yawaita, har da na mata irin su Nana Asma'u. Amma wannan arziki ya dogara ƙwarai a kan aikin bayi a rumada da gandaye. Jihadin ya hana bautar da Musulmi ɗa, bai hana bauta ba. Wasu daga cikin waɗanda yaƙe-yaƙen suka rutsa da su sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807 suka kuma sake tashi a 1809 da 1814. A wannan gaɓa ce kawai za a iya cewa juyin ƙasar Hausa ya taɓa tekun Atilantika kai tsaye, kuma ta cikin jirgin bayi ya taɓa shi.

Gabashi da kudu maso gabashin Kano su suka fi ɗanɗana rikicin da ya biyo baya. A farkon sarautar Usmanu, wanda aka fi sani da Maje Ringim, Malam Hamza na Tsakuwa da almajiransa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suna kafa hujja da cewa shari'a ba ta ɗora wa Musulmi shi ba. Wato hujjar Shehu ce aka juya wa magadan Shehu, shekara arba'in kacal bayan Gudu. Suka gudu zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen dutse, daga nan aka shafe rabin ƙarni ana kai hari ƙasashen Birnin Kudu da Dutse da Rano. Daga arewa maso gabas kuma Buhari na Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye, ya tarwatsa rundunar da aka tura masa a Kaffur, ya ci gaba da kai farmaki gabashin Kano har rasuwarsa a 1863. Da Basasa ta ɓarke a 1893, Takai ce Yusufawa suka mayar sansani, ita kuwa ba ta da nisa da Dutse. Manomin wannan yanki ya biya haraji domin a tsare shi, sau da yawa kuma ganuwar garinsa ce kaɗai ta tsare shi.

Zuwan Turawa

Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Haɗeja ta jinkirta har Afrilu na 1906, lokacin da aka kashe Sarki Muhammadu a cikin garinsa. A jawabinsa na Sakkwato, Lugard ya kafa hujja da cewa Fulani sun sami mulki da haƙƙin karɓar haraji ta hanyar cin yaƙi, yanzu kuma an ci su, don haka haƙƙin ya koma hannun Ingila. Wannan karatu ne na son zuciya, domin ya share duk hujjar shari'a da jihadin ya tsaya a kai ya bar takobi kawai. Abin lura kuma shi ne wakilin ƙasar Locke bai ambaci yardar waɗanda ake mulka ba.

Mulki ta hannun sarakuna ya ƙarfafa fada ta wata fuska ya raunana ta ta wata. Sarki ya daina tsoron Ningi da Sakkwato, ya koma tsoron Razdan. An tsara gundumomi, Sarkin Dutse ya zama hakimi a ƙarƙashin En'e ta Kano, an haɗe haraji iri-iri zuwa haraji ɗaya na kuɗi, jangali kuma ya zauna daram. Larurar samun kuɗin haraji ta tura manoma ga gyaɗa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja layin Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori wanda ya kammala a 1930. Dutse ba ta kan wannan layi. Batun bauta kuwa an bi shi a hankali: an 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilu na 1901, ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936.

'Yanci iri biyu

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Ingila cikin bashi, Indiya ta sami 'yanci a 1947, Ghana a 1957. A Arewacin Nijeriya kalmar 'yanci ta ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna. Ga Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ma'anarta tafiyar Turawa a lokacin da Arewa ta shirya, ba tare da Kudu ta mamaye ta ba. Wannan tsoro ne ya sa wakilan Arewa suka ƙi ƙudurin Anthony Enahoro na 1953 na neman mulkin kai a 1956, abin da ya jawo tarzomar Kano ta watan Mayu na shekarar. Ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, tafiyar Bature rabin aiki ce idan dogari da ɗan doka da alƙalin En'e suna nan yadda suke.

A nan ne kogunan biyu da wannan maƙala ta bi suka haɗu. Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun fito daga gidajen malamai, sun yi karatun zaure mai zurfi, sun kuma yi na boko. Suna iya magana da harshen dimokuraɗiyya da zaɓe da haƙƙin ɗan Adam a gaban Turawa, su juya su karanto wa talakawa abin da Shehu da Abdullahi suka rubuta a kan zalunci. Hujja ta biyun ta fi yi wa En'e ciwo, domin halaccin sarautar kanta daga jihadi ya samo asali. Ko a cikin masu ra'ayin sassauci an ji wannan matsi, tun da Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya gabatar da ƙudurin gyaran En'e a majalisar Kaduna a 1950.

Ƙarfin En'e ya fi bayyana a karkara. A gunduma irin Dutse ko Jahun ko Birnin Kudu, hakimi da dagaci su ke rubuta sunan mai biyan haraji, su ke ba da izinin taro, kotun alƙali da gidan yari kuma na En'e ne. Zaɓen 1951 ya nuna yadda tsarin yake aiki: NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e kuma tana da ikon cusa nata mutane a mataki na sama, don haka nasarar ta narke kafin ta kai Kaduna. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, jam'iyyar da ta fi kusa da fada ce ta karɓi tuta. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen da ya kawo wannan 'yanci ba. Ba su kaɗai tarihi ya yi wa haka ba, domin matan Faransa ma sai a 1944 suka sami wannan haƙƙi, shekara 155 bayan shelar haƙƙoƙin 1789.

Abubuwan da NEPU ta nema sun zo daga baya, kuma yawancinsu ta hannun da ba a zata ba. Gwamnatocin soja ne suka raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari bayan 1966, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage na ikonta. Haraji da jangali kuwa sai da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kano a 1979 sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke su. Tsakanin hijirar Gudu da wannan sokewa akwai shekara 175.

Tsohuwar rigimar Ada da Kumbari ita ma ba ta mutu ba. Gwamnatin Rimi ta ɗaga Dutse zuwa matsayin masarauta mai cin gashin kanta a 1981, gwamnatin da ta gaje ta ta rushe matakin a 1983. Sai ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birnin jiha, kuma ɗaya daga masarautu biyar tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Sabuwar jihar ta tashi ne tana dogaro da kason da take samu daga asusun tarayya, wanda mafi yawansa kuɗin man fetur ne, ba abin da manomin Kiyawa ko makiyayin Jahun ya biya ba.